Tambayoyi da amsoshi kan kula da buɗaɗɗiyar manhaja a ƙananan na'urori, ga masu aiki a Sudan

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan'uwa masu haɗa na'urori a Gadarif, Kassala, Madani, Sinnar da Port Sudan: masu akwatin kula da famfon sola, masu rawuta a shagunan intanet, masu na'urar auna sanyi a firjin magani. An fara da na mai koyo, ana ƙara zurfi a hankali.

Mece ce babbar manhaja ta ƙananan na'urori, da me ta bambanta da ta kwamfuta?

Ƙaramar na'ura a nan ita ce duk abin da aka dasa wa kwamfuta a ciki don aiki guda: rawuta, mitar wuta, inbata, kyamarar tsaro, akwatin da ke kunna famfon rijiya. Babbar manhaja ce ke raba wa shirye-shirye lokacin firosesa da ƙwaƙwalwa, ita ce kuma ke magana da sassan bod, wato allon da aka dasa kayan lantarkin a kai. Buɗaɗɗiya kuwa ita ce wadda tushen rubutunta yake a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya gina nasa.

Babban bambancin shi ne babu mai zama a gabanta. Kwamfutar ofis in ta daskare, mai ita zai kashe ya kunna. Akwatin da ke gonar ayaba a bakin kogin Gash na Kassala ba shi da allo, ba shi da madannai, mai gadin gonar ma bai san abin da ke cikinsa ba. Dole na'urar ta iya tashi da kanta bayan kowace irin faɗuwa, kuma kusan duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suke.

Linux zan ɗauka ko ɗaya daga cikin ƙananan?

Girman guntun, wato ƙaramar kwamfutar da ke kan bod, shi ne ke yanke hukunci. In ESP32 ne ko yawancin dangin STM32, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta wuce 'yan ɗaruruwan kilobait ba, Linux ba zai zauna a kai ba. Sai ka koma ga FreeRTOS, wadda Richard Barry ya fara a 2003, Amazon kuma ta karɓi ragamarta a 2017, ko Zephyr da ke ƙarƙashin Linux Foundation tun 2016. ESP32 ma da FreeRTOS yake zuwa a cikin kayan aikinsa na ESP-IDF.

In na'urar za ta riƙe modem na 4G, ta tara bayanai, ta buɗe shafin saiti ga waya, Linux ya fi sauƙi. Shi ma yana da iyaka ta ƙasa. OpenWrt, wani nau'in Linux na rawutoci, ta daina yi wa rawutoci masu filash megabait 4 da ƙwaƙwalwa megabait 32 sabon gini bayan jerin 19.07. Irin waɗannan tsofaffi suna nan a kasuwa da araha, amma kar ka kafa sana'a a kansu.

Buildroot, Yocto ko OpenWrt? Me ya hana in yi amfani da Raspberry Pi OS kawai?

Don gwajin farko a kan tebur, Raspberry Pi OS ko Debian ba su da laifi. Matsala tana zuwa ne bayan na'urori sun kai ashirin a wurare ashirin, kowacce an shiga an girka mata wani abu da hannu a rana daban. Daga nan ba ka da na'ura iri ɗaya sau ashirin, kana da na'urori ashirin mabambanta, ba wanda zai iya cewa ga abin da ke cikin kowacce.

Buildroot da Yocto suna gina maka hoton manhaja guda daga tushe, wato fayil ɗaya mai ɗauke da dukkan manhajar, ka zuba shi a duk na'urorin. Buildroot ya fi sauƙin koyo: ka zaɓi abin da kake so a jerin zaɓi, ka buga make. Yana fitowa duk wata uku, daga cikin fitowar Fabrairu ake ware wadda ake daɗewa ana kula da ita. Yocto, wanda aka kafa a 2010, ya fi ƙarfi ya fi wahala. Yana aiki da BitBake da tsarin hawa-hawa, yana cin gomman gigabait na faifai da awanni a ginin farko. Fitowarsa masu dogon zango, Kirkstone ta 2022 da Scarthgap ta 2024, shekara huɗu-huɗu aka yanka musu. OpenWrt kuwa, tun 2004, gwana ce a duk abin da ya shafi raba intanet.

A ganina warsha mai mutum ɗaya ko biyu da bod iri ɗaya ta tsaya kan Buildroot. Yocto yana biyan wahalarsa ne in bod ya kai iri uku ko huɗu, ko kuma kamfanin guntun a kansa kaɗai yake ba da tallafi.

Muhandis, wanda ya sayar mini da bod ya haɗo da nasa kanel. In tsaya a kansa?

Ka fara da shi don ka ga komai yana aiki, amma ka duba lambarsa. Kanel shi ne zuciyar Linux, kuma sau da yawa irin wannan tsoho ne da aka lafta wa faci, wato gyare-gyaren rubutu, masu yawa na kamfani, aka daina taɓa shi da zarar an fitar da sabon guntu. Ranar da aka gano ɓaraka a cikinsa, ba mai toshe maka. Shi ya sa kafin sayen bod da yawa ake duba ko guntun yana da tallafi a kanel na asali da kuma U-Boot na asali, wato shirin da ke tayar da kanel in an kunna bod. Bod mai ɗan tsada da yake cikin kanel na asali ya fi mai araha da ke rataye a wuyan kamfani ɗaya.

Wane kanel ne ya dace da na'urar da za ta shekara goma a fili?

Sabon kanel yana fitowa kusan duk mako tara ko goma, sannan a kowace shekara akan ware ɗaya a matsayin mai dogon zango, kamar 6.1, 6.6 da 6.12. A 2023 aka sanar cewa tsawon kula da irin waɗannan zai sauko daga shekara shida zuwa biyu, ko da yake akan tsawaita wa wasu. Akwai kuma shirin Civil Infrastructure Platform, da ke riƙe zaɓaɓɓu irin su 4.19, 5.10 da 6.1 na aƙalla shekara goma, don kayan masana'antu. Ko wanne ka ɗauka, ka sa a ranka cewa za ka yi ƙaura zuwa sabo ko sau ɗaya a rayuwar na'urar. Wannan ƙaura ba ta yiwuwa sai da hanyar sabuntawa mai aminci, wadda aka yi bayaninta a ƙasa.

Intanet ba ta da tabbas a wurinmu. Yaya zan gina manhajar?

Wannan tambaya ta fi muhimmanci a Sudan fiye da yadda littattafan jagora suke ɗauka. An rufe intanet sama da wata guda daga Yunin 2019, sannan a Fabrairun 2024 layukan sadarwa suka ɗauke a faɗin ƙasar. Gini da ke zazzago kaya daga sabobi ɗari, wato kwamfutocin intanet masu ajiye kaya, a duk lokacin da aka tashe shi ba abin dogaro ba ne. A Buildroot, umarnin make source yana sauko da duk tushen da ake buƙata a jaka ɗaya. A Yocto ana tara su a DL_DIR, sannan a sa BB_NO_NETWORK don a hana ginin leƙa waje.

Bayan ka tara, ka gwada da gaske: cire intanet, ɗauki kwamfutar da ba ta taɓa yin ginin ba, ka gina daga farko. Abin da ya ɓace zai nuna kansa nan take. Ka haɗa da kwafin yanayin ginin kansa, wato sigar Ubuntu ko Debian da ka yi aiki a kai, don tsohon gini yakan ƙi tafiya a sabuwar kwamfuta. Ajiye duka a faifai biyu, a gari biyu. Duk wanda ya bar Khartoum ko Madani da jaka ɗaya tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 ba ya buƙatar a gaya masa dalili.

Wane kayan gwaji zan fara saya?

Wayar siriyal mai shiga USB, ta bolt 3.3. Da ita kake ganin abin da U-Boot da kanel suke faɗa tun kafin komai ya tashi, galibi a gudun 115200. In ba ta, lalube kake a duhu. Sai mita, sai rile, wato makunnin wuta da wata kwamfuta za ta iya kunnawa da kashewa, sai na'urar ba da wuta mai ƙarawa da ragewa in hali ya yi. Ka kuma ware bod ɗaya daga kowane zubi da ka saya, ya zauna a warsha ba na sayarwa ba, don kamfanoni kan canza guntun filash ko na Wi-Fi ba tare da canza sunan bod ba.

Gwaji a kan QEMU ya wadatar?

Ya wadatar ga rabin aikin. QEMU da Renode suna kwaikwayon bod a cikin kwamfuta, za su nuna maka ko hoton yana tashi, ko shirye-shiryenka suna gudana, ko wani faci ya karya wani abu. Yocto yana da ptest, Zephyr yana da Twister, kanel yana da kselftest da LTP. A riƙa gudanar da su a kan kowane canji, tunda ba sa cin kuɗi. Amma kwaikwayo ba ya zafi, wutarsa ba ta rawa, modem ɗinsa ba ya maƙalewa in sigina ta yi rauni. Manyan ayyuka irin KernelCI suna jera ainihin bod ne a kan kanta, LAVA ko labgrid yana kunna su yana karanta siriyal. Kai ma bod biyu da rile da tsohuwar kwamfuta sun isa ka kafa ƙaramin irinsa.

Mene ne gwajin yanke wuta, me ya sa kuke matsa wa mutane a kansa?

Saboda shi ne abin da na'urar za ta fi gamuwa da shi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Yadda ake yi: rile yana yanke wa bod wuta a lokacin da ba a tsara ba, ya dawo da ita, kwamfutar gwaji ta jira ta ga ko ya tashi, ta duba ko bayanan da aka rubuta suna nan daidai, sannan a sake. A bar shi yana yi dare da rana, ɗaruruwan zagaye. A tabbata yankan yana faɗawa a wurare masu haɗari: lokacin rubuta saiti, tsakiyar sabuntawa, da daƙiƙun farko na tashi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bod da ya shekara a tebur lafiya yana iya mutuwa a zagaye na hamsin.

Yankewa gaba ɗaya ma ta fi sauƙi a kan raguwar wuta. Lokacin da injin famfo ya tashi, ko aka juya daga sola zuwa janareta, wutar takan sauka ta tsaya a tsakiya na ɗan lokaci, firosesa bai mutu ba, bai kuma rayu ba. Da na'urar ba da wuta mai ragewa ake kwaikwayon wannan. Abin da ake so a gani shi ne bod ya sake tashi da kansa, ko ta hanyar mai lura da ƙarfin wuta, ko ta agogon gadi da ke tayar da shi in manhaja ta daina amsawa.

Maganin daga ɓangaren manhaja sananne ne. Babban ɓangaren faifai ya zama na karatu kawai, irin squashfs, bayanai masu canzawa su koma nasu ɓangaren daban. In za a canza fayil, a rubuta sabo, a kira fsync don ya sauka kan faifai da gaske, sannan a sauya masa suna ya hau kan tsohon. Kar a ruɗu da cewa ext4, tsarin ajiye fayiloli na Linux, yana da rajistar farfaɗowa: tsarin faifan take karewa, ba lallai abin da ke cikin fayil ɗinka ba.

Katin SD yana yawan mutuwa. Laifin manhaja ne?

Sau da yawa na duka biyun ne. Filash yana da iyakar yawan rubutu, shirin da ke zuba rajistar aiki duk daƙiƙa yana cinye shi. A mayar da rajistar cikin ƙwaƙwalwa ta tmpfs, a riƙa sauke muhimmai kaɗai lokaci-lokaci. Sannan araha ba ta ado: akwai katunan jabu da ke nuna girman da ba su da shi, kayan aikin f3 yana tona su kafin a sa a na'ura. Ga abin da za a sayar wa mutane, eMMC ya fi, kuma sababbinsa suna faɗin kimanin yawan rayuwarsu da ta tafi, ana karantawa da mmc-utils. Yanke wuta a tsakiyar rubutu ma yana lalata kati, duba amsar da ta gabata.

Zafi da ƙura fa?

Kayan lantarki na kasuwa galibi daga digiri 0 zuwa 70 aka yi su, na masana'antu daga 40 ƙasa da sifiri zuwa 85. Kar ka kalli zafin iska kawai. A watan Mayu iska tana wuce digiri 40 a yawancin ƙasar, akwatin ƙarfe rufaffe da rana ke duka kuwa ya fi haka nesa, firosesa kuma yana ƙara nasa. Raspberry Pi yana fara rage gudunsa da ya kai digiri 80. Gwajin shi ne a rufe bod a ainihin akwatinsa, a ajiye a rana tsaka, a ɗora masa nauyi da stress-ng da memtester, ana rubuta zafin. Fanka tana jawo ƙurar guguwar habub ciki, daga baya ta tsaya. Faffaɗan ƙarfen shan zafi da inuwa sun fi ta daɗewa. A Port Sudan damuwar ta haɗa da laima da gishiri masu cin mahaɗan waya.

Yaya zan sabunta na'urar da ke nesa ba tare da na kashe ta ba?

A raba faifai gida biyu, kowanne da cikakkiyar manhaja. Na'urar tana aiki daga na farko, ana rubuta sabuwar a na biyu. In an gama, a ce wa U-Boot ya gwada na biyu, yana ƙirga yawan tashi. In sabuwar ta tashi ta tabbatar da lafiyarta, ta zauna. In ta kasa bayan 'yan gwaji, a koma tsohuwar. RAUC, SWUpdate da Mender duk wannan suke yi, MCUboot kuma yana yin makamancinsa ga ƙananan guntaye. A lura cewa sysupgrade na OpenWrt a yawancin rawutoci kan tsohuwar yake rubutawa kai tsaye, don haka ɗaukewar wuta a lokacin haɗari ce.

Inda ake yawan kuskure shi ne ma'anar lafiya. Tashin kanel kaɗai bai isa ba. Sai sabuwar manhajar ta ga modem, ta kai ga saba, ta karanta na'urorin aunawa, sannan ta ce ta zauna. In ba haka ba za ka sami na'ura mai rai wadda ba za ka ƙara jin ɗuriyarta ba. Kowane kunshin sabuntawa ya zo da sa hannu na dijital, mabuɗin kuma ya kwana a wurin da ba ya kan intanet. A bar ƙofar sabuntawa ta filashin USB, don ranar da layi ya ɗauke a aika da shi ta mota.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. A fara da bod na warsha, sai na'urori biyu ko uku na kusa, sannan saura. Ba a turawa da yammacin Alhamis. A gonakin Gadarif, da damina ta sauka baƙar ƙasar nan takan hana mota shiga, don haka babban canji ya jira rani.

Na'urar tana tashi da shekarar 1970, wata kuma tana gaba da awa ɗaya. Me ke faruwa?

Ta farko ba ta da agogo mai batir, kuma ba ta sami intanet ta daidaita ba. Raspberry Pi kafin na 5 duk haka suke. Illar ta wuce kwanan wata: takardun shaidar TLS, masu tsare sadarwa a intanet, ba sa karɓuwa in agogo ya kauce, sai na'urar ta kasa kaiwa ga saba. Ƙaramin guntu irin DS3231 yana magance wannan. Ta biyu kuma tsohon kundin yankunan lokaci gare ta. Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya ranar 1 ga Nuwamba 2017, daga UTC+3 zuwa UTC+2, duk manhajar da aka gina da tzdata na kafin lokacin tana nan a tsohon lissafi. Ga famfo mai jadawali ko agogon salla, awa ɗaya ba wasa ba ce. A riƙe UTC a ciki, a juya zuwa lokacin gari wurin nunawa kawai.

Akwai kuma 19 ga Janairu 2038, ranar da ƙirgen lokaci mai bit 32 zai cika ya juye. Kanel 5.6, musl 1.2 da glibc 2.34 sun kawo gyara ga bod masu bit 32, amma sai an gina shirye-shiryen da shi. A tura agogon bod na gwaji gaba da wannan rana a ga abin da zai faru.

Na'urata ƙarama ce a ƙauye. Wa zai damu da yi mata kutse?

Ba mutum ke nemanta ba, shiri ne ke zagaya intanet yana ƙwanƙwasa kowace ƙofa. A 2016 Mirai ta mamaye kyamarori da rawutoci ta Telnet, tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa, da kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka. A cire Telnet, kowace na'ura ta sami nata sirrin, a shiga ta SSH da mabuɗi. Don shiga daga nesa, na'urar ce za ta kira waje ta WireGuard, tunda layukan waya ba kasafai suke barin a kira ta daga waje ba.

Batun sanarwar ɓaraka kuwa, tun Fabrairun 2024 da masu kanel suka fara ba da lambobin CVE, wato lambobin rajistar ɓaraka, da kansu, yawansu ya fi ƙarfin bi ɗaya-ɗaya. Shawararsu ita ce a ɗauki dukkan sabuntawar reshen da ake kai, ba a tsinci wasu ba. Wannan ba ya nufin rungumar duk sabon abu: ƙofar ɓoye da aka gano a xz a Maris 2024 tana cikin sabbin fitowa ne, 5.6.0 da 5.6.1. Rage yawan shirye-shiryen da ke cikin hoton shi ne kariya mafi araha.

Da yana aiki, bayan sabuntawa ya daina. Ta ina zan fara?

Da git bisect. Ka nuna masa sigar da ke aiki da wadda ta lalace, zai riƙa raba tsakani gida biyu kana gwadawa. Canje-canje dubu ba sa wuce gwaji goma. In an haɗa shi da rile da siriyal da aka ambata a kayan gwaji, yana iya yin aikin da kansa cikin dare. Da an kama mai laifin, a ƙara gwajin da zai kama irinsa a jerin gwaje-gwajen dindindin.

In na sayar da na'ura mai Linux, dole ne in ba da tushen rubutuna?

Na kanel, U-Boot da BusyBox, har da gyaran da ka yi musu, dole ne, don suna ƙarƙashin lasisin GPL. Ko ka haɗa tushen da na'urar, ko ka ba da rubutaccen alkawari mai aiki na aƙalla shekara uku. Shirin da ka rubuta da kanka yana gudana a kan Linux ba ya shiga wannan, muddin bai haɗe da kundin GPL ba. FreeRTOS lasisin MIT gare ta, Zephyr kuma Apache 2.0, ba sa tilasta bayyana naka. Umarnin make legal-info a Buildroot yana tattaro lasisi da tushen komai. OpenWrt kanta daga nan ta samo asali, bayan da aka fitar da tushen manhajar rawutar Linksys WRT54G.

Na gyara wani direba, wato shirin da ke sarrafa wani sashen bod. Ya cancanci in tura wa masu aikin na asali?

Ya cancanta, ko don kanka. Facin da ka riƙe a gida sai ka sake ɗinka shi a duk ƙaura zuwa sabon kanel, wanda aka karɓa kuwa yana zuwa da kansa. A kanel, checkpatch.pl yana duba tsarin rubutun, get_maintainer.pl yana faɗin wanda za a aika wa, ana turawa ta imel a rubutu zalla, da layin Signed-off-by a ƙasa. Faci ɗaya, gyara ɗaya. A bayanin ka faɗi bod ɗin, abin da ya faru, da yadda ka gwada, ka liƙa abin da siriyal ya fitar. Za a iya dawo maka da shi a ce ka gyara, sai ka tura siga ta biyu da jerin abin da ya canza. In mako biyu ya wuce shiru, ka sake turawa.